Yadda ake yin siririn fallen selulos daga zaren itace

Takardar rubutu da fallen da za mu yi asalinsu ɗaya, wato selulos, abin da ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na busasshen itace. Girman zaren ne ya raba su. A cikin takarda faɗin kowane zare ya kai maikiron 20 zuwa 30 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), kuma akwai ramukan iska a tsakaninsu, shi ya sa takarda take fara, ba a gani ta cikinta, iska da mai kuma suna ratsa ta. Amma shi zaren nan tufkakke ne kamar igiyar rama. In aka warware shi, za a tarar da siraran sili masu faɗin nanomita 3 zuwa 50, kuma nanomita dubu ne ke yin maikiron ɗaya. Idan waɗannan sili suka bushe a haɗe, suna manne wa juna ba rami, sai a sami falle mai sheƙi wanda ake karanta rubutu ta cikinsa. Aikin duka ya tsaya ne a kan abu biyu: warware zaren, da raba shi da ruwa sannu a hankali.

Tun da dokar Kamaru ta hana ledar da kaurinta bai wuce maikiron 60 ba ta fara aiki a 2014, Injamena kuma ta riga ta matsa wa leda lamba tun 2010, ake neman abin naɗe kaya mai ruɓewa. Wannan falle yana cikin abubuwan da ake gwadawa. Kada a ɗauka shi ne selofen, shara-sharan fallen naɗe kaya da Jacques Brandenberger ya ƙirƙiro, wanda ake narkar da selulos ɗin gaba ɗaya da sinadari mai guba a masana'anta. A nan ba narkarwa za mu yi ba.

Kayan aiki

- Bilenda mai ƙarfi, wadda ba za ta sake komawa kicin ba.
- Sikeli mai auna har giram 0.001. Na masu sayar da zinariya yana yi in ya kai haka.
- Ma'aunin pH mai batir (pH lamba ce ta tsami: 7 tsaka-tsaki, ƙasa da ita asid, sama da ita ɓangaren soda), da ma'aunin zafi.
- Kwalaben gilashi masu faɗin baki, da tukunyar silba marar tsatsa. Ban da alminiyam, soda tana cinye shi.
- Farin ƙyallen nailan mai matsattsiyar saƙa, mazurari, sirinji na mililita 10 da na 50.
- Farantan Petri na roba masu faɗin santimita 9.
- Kwali, sabuwar reza, safar hannu ta roba, tabaran kare ido.
- Tataccen ruwa, aƙalla lita 10.
- Soda ta masu sabulu, jabel, gilisarin, alkol mai digiri 90 ko 95.
- TEMPO (sinadarin da ke taimaka wa jabel ta sassauta zaren) da sodiyam buromaid. Waɗannan sai a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a ko wurin dillalan sinadarai na Duwala da Yawunde.
- Ga mai farawa daga katako: tsantsar asid ɗin asetik da haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 30.

Maganar ruwa ba ta wasa ba ce. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da kalsiyam, shi kuma yana sa silin su dunƙule, ƙullun ya yi gudaji. In babu tataccen ruwa na ɗakin gwaji, tari wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ka tace shi, ko ruwan sama da aka tara a roba mai tsabta bayan zubar farko ta wuce. Mai sayen ruwan batir ya tabbata tataccen ruwa aka ba shi, domin da sunan nan ake sayar da mai asid ma.

1. Zaɓen ɗanyen kaya

Mai koyo ya fara da farar takardar bayan gida wadda aka yi da sabon zaren itace, marar turare, marar launi. Masana'anta ta riga ta cire mata lignin, wato abin da ke manne zaren itace da juna. Jefa guntu cikin kwalbar ruwa ka girgiza: in ta watse nan da nan, ta yi. In ta tsaya a dunƙule, an sa mata sinadarin hana yagewa a jiƙe, kuma bilenda ba za ta warware ta ba. Takardar goge hannu ta tebur yawanci haka take. Takardar fotokofi tana da alli da sitaci da yawa, sai an jiƙa ta cikin binega har ta daina tsiyayar kumfa, a wanke sosai, kuma duk da haka fallenta yakan yi hazo.

Auduga ba itace ba ce, amma selulos ɗinta ya haura kashi 90, kuma a ƙasar Garwa ba a neman ta a rasa. Sai dai dogon zarenta yana naɗe wuƙar bilenda, kuma ta fi zaren itace taurin warwarewa. Bar ta sai hannunka ya faɗa.

Wanda ya zaɓi takarda ya jiƙa giram 10 cikin lita ɗaya na ruwa ya kwana, ya tsallake mataki na biyu, ya tafi na uku.

2. Fitar da zare daga katako

Nemi garin farin katako marar nauyi, irin ayus da ake kawowa daga kudu, a wurin kafinta. Siraran ɓawon da injin gyaran katako ke fitarwa sun fi garin zarto, saboda zarto yana daddatse zaren. Kada ka karɓi garin filawud ko na katakon da aka shafa wa maganin gara. Jan katako kuma yana cin sinadari da yawa kafin ya yi fari.

Tankaɗe ka raba shi da yashi, ka tafasa giram 10 cikin ruwa awa ɗaya, ka zubar da jan ruwan, ka matse. Zuba shi a kwalbar gilashi, ka ƙara mililita 100 na asid ɗin asetik da mililita 100 na feroksaid. Ɗora murfi a kai kawai, kada ka ɗaure, domin haɗin yana fitar da iska kuma rufaffiyar kwalba tana iya fashewa. Ajiye kwalbar cikin ruwa mai zafin digiri 60 na kwana ɗaya zuwa biyu, har katakon ya yi fari fat, ya riƙa rugujewa in an danna shi da sandar gilashi. In babu tukunyar ɗumama ta ɗakin gwaji, kula babba ta isa: cika ta da ruwan zafi, kana canzawa in ya huce, sai dai aikin zai ƙara kwana. A waje ake yin wannan ko ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi, nesa da wuta, kuma kada cokalin ƙarfe ya shiga ciki. Feroksaid na farmasi mai kashi 3 ba zai yi ba.

Tace da nailan, ka wanke har warin tsami ya tafi. Sannan dafa shi cikin mililita 300 na ruwan soda mai kashi 4 (giram 12 na soda) a digiri 80 na awa ɗaya. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Wanke har pH ya dawo 7. Kusan rabin nauyin da ka fara da shi ne zai rage.

Mutane da yawa suna tsammanin dafa katako da soda kaɗai zai cire lignin. Karan dawa da bambaron shinkafa suna sakin nasu a haka, amma itace sai a digiri 160 zuwa 170 cikin tukunyar matsi ta masana'anta. Kada kuma ka tsananta soda don neman tsabta. Ragowar hemiselulos, wani ɗan'uwan selulos da ke lulluɓe silin, tana hana su mannewa, tana sauƙaƙa markaɗe.

Daga nan zaren ba zai sake bushewa ba sai ya zama falle. In ya bushe, silin suna like wa juna ta yadda jiƙawa ba ta mayar da su yadda suke. Ajiye shi a jiƙe cikin rufaffiyar roba a firji, ba a firiza ba, domin ƙanƙara ma tana dunƙule shi.

3. Sanin busasshen nauyi

Duk lissafin da ke gaba a kan busasshen nauyi yake. Matse zaren, ka auna shi duka, ka yanki giram 5 ka busar a obin mai digiri 105 har nauyin ya daina sauka. In ya koma giram 1, to kashi 20 ne busasshe, kuma giram 25 na jiƙaƙƙen shi ne giram 5 da kake buƙata.

4. Sassauta zaren da TEMPO

Mutanen kamfanin ITT Rayonier a Amurka, su Turbak da Herrick, sun fitar da bayanin warware zaren itace da ƙarfin inji a 1983, amma hanyar tana shan wuta ƙwarai. A wajen 2006 Saito da Isogai na Jami'ar Tokiyo suka nuna cewa in an fara gyara fatar silin da TEMPO, kowane sili yana ɗaukar caji iri ɗaya da na maƙwabcinsa, sai su riƙa ture juna a cikin ruwa. Daga nan bilenda ta gida ma ta isa.

Ga giram 5 na busasshen zare:
ruwa mililita 500, TEMPO giram 0.08, sodiyam buromaid giram 0.5, jabel milimol 25, wato milimol 5 ga kowane giram (milimol awo ne na yawan sinadari, ga lissafinsa a mililita a ƙasa).

Duba jikin kwalbar jabel. Mai ƙarfin digiri 12 tana da kusan giram 38 na kulorin a lita, kana buƙatar mililita 47. Mai kashi 2.6 kuma kusan mililita 65. Jabel tana rasa ƙarfi a zafi da rana, don haka wadda ta yi watanni a kantar shago ba abin dogaro ba ce. Sayi sabuwa, marar turare, marar sabulu. Shi ma TEMPO yana narkewa a digiri 36 zuwa 38, ke nan a watan Afrilu a Kusiri ko Garwa zai zama ruwa a cikin kwalbarsa, ya riƙa tashi. Firji ne wurinsa.

Narkar da TEMPO da buromaid a ɗan ruwa, ka juye cikin zaren, kana motsawa. Haɗa ruwan soda na giram 20 a lita, ka ja shi a sirinji. Fara ɗiga jabel kaɗan-kaɗan, idonka a kan ma'aunin pH. Ana son ya zauna a 10, kada ya wuce 10.5. Ita jabel tana ɗaga shi, aikin da ke gudana a kan zaren kuma yana saukar da shi, saboda haka in ka ɗiga ya hau, jira ya sauko kafin ka ƙara. Ƙullun zai yi rawaya. Bayan jabel ta ƙare, ci gaba da riƙe pH a 10 da ɗigon soda. In ya tsaya cak na minti 15 ba ka ƙara komai ba, aikin ya kammala, yawanci cikin awa biyu zuwa uku, kuma rawayar ta dusashe. Zuba mililita 10 na alkol don kashe ragowar jabel.

Zafin ƙullun ya tsaya tsakanin digiri 20 da 25. In ya haura 30, ko pH ya haura 11, sarƙar selulos tana tsintsinkewa, a ƙarshe ka sami falle mai kyan gani amma mai karyewa da an lanƙwasa. A bazara sa kwalbar cikin daro mai ruwa da ƙanƙara, ko ka yi aikin bayan sallar asuba. Mai amfani da takardar pH ya karanta launin nan take, domin jabel tana goge shi cikin daƙiƙoƙi. Kuma kada asid ko binega su kusanci jabel, haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin.

5. Wanki

Tace da nailan ninki biyu, ka mayar cikin lita ɗaya na tataccen ruwa, ka motsa, ka sake tacewa. Yi haka sau biyar ko shida. Za ka lura kowane zagaye ya fi na baya jinkiri, zaren yana kumbura yana santsi a hannu. Alamar nasara ke nan, domin gishiri yana fita. Kada ka murɗe ƙyallen da ƙarfi, zaren zai bi ramukan ya tafi. Gishirin da aka bari yana hana ƙullun yin kauri, kuma yana fitowa fari-fari a kan busasshen falle.

6. Markaɗe

Auna abin da ya kai giram 2 busasshe, ka cika ruwa zuwa mililita 400, wato kashi 0.5. Kunna bilenda a ƙarshen gudunta minti ɗaya, ka kashe minti biyu ta huce. Jimillar minti 5 zuwa 10 na gudu ta isa. Farin ƙullun zai rikiɗe ya zama mai kauri, mai yauƙi, shara-shara, da ɗan shuɗi-shuɗi in haske ya bugi gefensa. In ka ji ƙarar injin ta canza, wuƙar tana juyawa a rami ba ta jan komai, ƙara ruwa mililita 100. In jikin kofin ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, dakata.

Ga gwaji mai sauƙi: zuba ɗan ƙullu a siririyar kwalba, ka sa farin allon waya ko kwamfuta a bayanta, ka duba ta tabaran rana irin na direbobi mai kashe ƙyalli, kana juya shi har allon ya yi duhu. Girgiza kwalbar. In ka ga haske yana walƙiya cikin ƙullun yana bin motsinsa, silin sun warware.

Wanda bai sami TEMPO ba ya tsallake mataki na 4 da na 5, ya markaɗa a kashi 0.7. Uetani da Yano na Jami'ar Kiyoto sun nuna a 2011 cewa bilenda mai juyi 37,000 a minti tana warware zaren da bai taɓa bushewa ba cikin minti 30. Ta gida ba ta kai wannan gudu ba, don haka sa ran awa guda ko fiye na gudu, a rarrabe. Fallen zai fito da hazo, haske na ratsa shi amma ba garau ba, kuma ya fi na TEMPO jure ruwa da zafi. Injin markaɗen unguwa ba mafita ba ne: haƙoransa ba su matse yadda ake so ba, kuma zai cika ƙullun da ɓarɓashin ƙarfe da man tattasai.

7. Tacewa da cire kumfa

Tsinka ƙullun da ruwa zuwa kashi 0.4 ko 0.3, ka bi da shi ta nailan don kama zaren da bai warware ba. A ɗakin gwaji ana juya shi a santirifuj, injin da ke wulwula ruwa har mai nauyi ya kwanta, na minti 15 zuwa 20, a ɗauki na sama. In babu, bar shi a doguwar kwalba a firji ya kwana biyu, ka tsiyaye na sama a hankali.

Falle marar gilisarin yana da ƙarfi amma yana da ƙaras-ƙaras, musamman da hunturu. Kashi 10 zuwa 20 na nauyin selulos ya isa. Da yake adadin ƙanƙane ne, narkar da giram 1 na gilisarin cikin mililita 100 na ruwa, ka ɗebi mililita 3 ga kowane faranti, shi ne kashi 15. In ya haura kashi 30 fallen zai yi danƙo da damina, ƙarfinsa ya faɗi. Juya da sanda, kada ka kaɗa.

Kowace ƙwayar kumfa rami ce a fallen gobe. Bar ƙullun ya kwana a firji su taso, ka fesa ɗan alkol a sama su fashe.

8. Lissafi da zubawa

Falle mai kaurin maikiron 20 yana cin kusan giram 30 a murabba'in mita. Farantin santimita 9 yana da fili kusan santimita murabba'i 64, ke nan giram 0.19, a ce 0.2. A kashi 0.4 wannan mililita 50 ne, zurfinsa a faranti kusan milimita 8. Kada mai koyo ya sauka ƙasa da haka, fallen maikiron 10 yana yagewa wajen ɓamɓarewa.

Farantin roba ake so. Selulos yana kama gilashi ƙam, sai an kankare shi guntu-guntu. Goge farantin da alkol. Daidaita teburin da ma'aunin lebur na magina, ko ka zuba ɗan ruwa a faranti ka ga inda ya karkata, ka cusa takarda a ƙarƙashi. Karkatar milimita ɗaya tana sa gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri a fili. Zuba da sirinji daga tsakiya, bakinsa a nutse cikin ƙullun. Zuba faranti huɗu ko biyar a lokaci guda.

9. Busarwa

A nan gizo ke saƙar. Milimita 8 za su koma milimita 0.02, kuma kashi 99.6 na abin da ka zuba ruwa ne da zai tafi. Littattafan ɗakin gwaji suna maganar digiri 23 da laimar iska kashi 50, kwana uku zuwa bakwai. Mu ba mu da wannan yanayi sai mun ƙirƙire shi. Daga Disamba zuwa Maris laima a Marwa da Injamena takan sauka ƙasa da kashi 20. In ka bar faranti a buɗe, saman ƙullun zai yi fata alhali ƙasa na jiƙe, gefe ya riga tsakiya bushewa ya ja ta, sai falle ya tattare ko ya tsage daga baki. Ga ƙura kuma, wadda duk ƙwayar da ta sauka ta zauna ke nan.

Kifa kwali a kan farantan, ka huda ramuka shida ko takwas a gefensa, ba a sama ba, ka liƙa ƙyalle a kan ramukan. Sa kofin ruwa a ciki, ko mafi kyau kofin ruwan gishirin girki wanda aka zuba wa gishiri har ya ƙi narkewa. Irin wannan ruwa yana ƙoƙarin riƙe laima a kashi 75, ramukan kuma suna rage ta, sai a sami tsaka-tsaki. Ban da rana, ban da fanka, ban da ɗaga kwali kowace awa. In ka ga bakin fallen ya fara sakin bangon faranti alhali tsakiya na da danshi, bushewar ta yi sauri, toshe rabin ramukan. Ana so bakin ya riƙe bango har ƙarshe, domin wannan riƙon ne ke sa falle ya bushe a miƙe.

Da damina matsalar ta juya. A Agusta, balle a Ngaundere inda ruwa ke daɗewa, faranti zai yi kwana goma bai bushe ba, fumfuna ta hau shi. Cire kofin ruwan, ka sa ƙwan lantarki mai ɗumi a cikin babban kwali don zafi ya kai digiri 35 zuwa 40. Mai obin ya sa shi a 40, kwana ɗaya zuwa biyu. Sama da 50 kumfa na fitowa daga cikin ƙullun.

10. Ɓamɓarewa

In fallen ya daina sanyi a bayan yatsa, ya bushe. Da hunturu kada ka ɓamɓare shi da tsakar rana. Rufe farantin awa biyu tare da kofin ruwan gishiri ya ɗan yi laushi. Zagaya bakin da reza, ka ɗaga gefe ɗaya, ka ja a kwance sannu-sannu. Sa shi tsakanin fararen takardu biyu cikin littafi mai nauyi ya kwana.

In kana da famfon zuƙe iska

Akwai hanyar da ke gamawa a yini ɗaya. Tsinka ƙullun zuwa kashi 0.2, ka tace shi a mazurarin Buchner, mai shimfiɗaɗɗen ciki da ƙananan ramuka, a kan matacin da ramukansa ba su wuce maikiron 0.65 ba. Kwamfuresar tsohon firji tana zuƙa sosai, amma sa kwalbar tarko a tsakani kada ruwa ya shige ta. In ruwa ya daina ɗiga, ɗauke jiƙaƙƙen fallen tare da matacin, ka rufe shi da nailan mai santsi, ka sa takardun tsotse ruwa sama da ƙasa, ka danne tsakanin faranti biyu na ƙarfe da nauyin kilo 10 zuwa 20. Canza takardun sau uku, sannan ka bi ta kan takarda da dutsen guga a mafi ƙarancin zafinsa. Wannan hanya ta fi dacewa da ƙullun da ba a sa wa TEMPO ba, domin mai TEMPO yana toshe mataci. Gilisarin kuma yana bin ruwa ya fita.

Halayen fallen da yadda ake gwada su

Kafin kowane gwaji ajiye fallayen kwana biyu a rufaffiyar roba ɗaya, ka rubuta laimar. Selulos yana shan danshin iska, fallen da aka gwada a Fabrairu da wanda aka gwada a Agusta ba za su ba da lamba ɗaya ba ko da daga ƙullu ɗaya suka fito.

Auna kauri da maikiromita ta makanikai a wuri biyar. Yanki murabba'i mai santimita 5 kowane gefe ka auna nauyinsa. In kaurin maikiron 20 ne, falle mai kyau zai yi giram 0.070 zuwa 0.075, wato kusan giram 1.4 zuwa 1.5 a santimita kubik, dab da na tsantsar selulos. In ka sami 0.050, kashi ɗaya cikin uku iska ce, markaɗen bai kai ba. Wannan lamba ɗaya tana gaya maka abin da za ka gani a sauran gwaje-gwajen.

Na ƙarfi kuwa, yanki tsiri mai faɗin santimita 1 da tsawon 6, da sabuwar reza a kan gilashi. Almakashi yana barin ƙananan tsagu a baki, daga nan tsirin ke tsinkewa. Manna guntun kwali a kowane ƙarshe, ka rataye sama, ka ɗaura jarka a ƙasa, kana zuba ruwa a hankali har ya tsinke. Ga kaurin maikiron 20, kowane kilo ɗaya (lita ɗaya ta ruwa), a lissafa har da nauyin jarkar, kusan megafaskal 49 ne, wato awon ƙarfin jan da tsirin ya jure. Gwada tsiri biyar, ka watsar da wanda ya tsinke a bakin kwali. Masu bincike a Sitokholm sun kai megafaskal 214 a 2008, ledar kasuwa kuwa tana wajen 10 zuwa 25. Kada ka yi mamaki in naka bai kai rabin na Sitokholm ba, ko a hakan ya ninka leda. Inda leda ta fi shi shi ne miƙewa: ita tana ninka tsawonta sau da yawa kafin ta tsinke, shi kuwa kashi 3 zuwa 10 kawai, kuma da ya sami tsaga a baki sai ya yage har ƙarshe.

Fallen TEMPO mai maikiron 20 da aka yi da kyau yana barin kusan kashi 90 na haske ya wuce. Ɗora shi a kan jarida, sannan ka ɗaga shi taƙi ɗaya sama da rubutun. Mai hazo zai ɓoye rubutun da an ɗaga.

Ɗiga man gyaɗa a kai, da farar takarda a ƙarƙashi, ka bari ya kwana. Falle marar rami ba ya barin tabo ko kaɗan. Haka yake tare iskar oksijin in yana bushe, har ya fi yawancin robobi, shi ya sa ake kwaɗayinsa don naɗe abu mai mai irin kilishi da ƙuli-ƙuli, waɗanda iska ke sa su ɗaci. Amma da laima ta haura kashi 70 silin suna kumbura, tarewar tana raguwa ƙwarai, tururin ruwa kuma dama yana ratsa shi. Wanda aka yi da TEMPO a gida kada a naɗe abin ci da shi sai ɗakin gwaji ya tabbatar babu ragowar sinadari.

Zafi ba ya narkar da shi, kuma da ƙyar yake buɗewa. Na TEMPO yana fara lalacewa a wajen digiri 200, marar TEMPO sai kusan 300. Tun da ba ya narkewa, injin like leda ba ya kama shi. Mai son yin 'yar jaka ya shafa siririn layin ƙaro mai kauri a baki, ya danne har ya bushe.

Ruwa ne babban rauninsa. Fallen TEMPO da aka jefa a ruwa yana kumbura ya saki jiki cikin mintoci. Jiƙa shi awa biyu zuwa uku cikin ruwan alam, giram 30 zuwa 50 a lita, ka ɗauraye da tataccen ruwa, ka busar da shi a danne tsakanin nailan da takardu. Alminiyam ɗin da ke cikin alam yana ɗaure silin da juna, sai falle ya riƙe siffarsa a jiƙe. Don ruwa ya riƙa gangarewa a kansa, narkar da kakin zuma, wanda ake samu da yawa a kasuwannin Adamawa, yana narkewa a digiri 62 zuwa 64, ka shafa da burushi siriri, ka sa fallen tsakanin takardu biyu ka bi da dutsen guga mai ɗumi don takardar ta tsotse rarar. Zai ɗan rage haske, kuma ƙaro ba ya kama wurin da kaki ya taɓa, don haka haɗa jakar tukuna kafin ka shafa.